Wa Baba Yake Kai Wa Ƙwai da Fiya?

Litinin

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da masu haihuwarki. Yaya ƙafar? Kin ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye, ni kuwa na san ungozoma ba ta san kujera ba. Hawan jinin fa? Kina shan maganin, ko kin koma halinki na ba mutane shawarar da ke ba kya bi? Mu nan lafiya lau. An ba mu hutu, na huta da ƙurar alli da ihun yara.

Na rubuto ne maimakon in kira, don ko an yi sa'ar samun layinki a asibitin nan naku sai mutum ya ɗaga murya, Baba kuwa ba abin da ke wuce kunnensa. Direban da ke kai muku magunguna ya ce zai riƙa ɗaukar mana saƙo.

Goggo, Baba ya shiga kicin. Yayanki fa, wanda tun rasuwar Umma shekara uku ke nan bai san inda ashana take ba. Na daɗe ina ganin ƙwai yana raguwa, har na fara zargin kaina da mantuwa. Ranar farko ta hutu, wajen ƙarfe sha ɗaya, na ji ƙarar tukunya. Na leƙa, sai ga shi da tabarau a kan hanci, ya ajiye tsohon agogonsa a gefen murhu yana ƙirga mintuna. Ƙwai uku, minti goma cif, sannan ya tsoma su a ruwan sanyi ya ɓare. Ya ɗauko fiya ya latsa ta da babban yatsa, ya raba ta biyu, ya kwashe da cokali, ya matsa mata lemun tsami nan take. Ya yanka na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ɗan lawashi, ƙanana ƙanana, kamar mai kwance cikin agogo. Gishiri, masoro, ɗigon man zaitun. Ya murje duka da cokali mai yatsu.

Na ɗauka mu zai yi wa, har na ɗauko faranti. Sai ya juye a kwano mai murfi, ya sa a jaka. Na ce ya zauna mana mu ɗan taɓa hira. Ya ce a'a, ba ta son jira, da an ɗan jinkirta sai ta ɓata fuska. Ya fice. Bai dawo ba sai wajen ƙarfe uku, kwano a wanke tas.

Yau kwana shida ke nan a jere. Na tambaye shi inda yake zuwa, ya ce shan iska. Wa ke shan iska da tsakar rana da kwano a jaka?

Ɗiyarki,
Malama

Alhamis

Malama,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonki. Ƙafa da sauƙi, magani ina sha in na tuna. A makon nan mun karɓi haihuwa tara, har da tagwaye, duk lafiya. Ɗan nawa, ƙaninki Injiniya, shi ma lafiya, jarrabawa ta sha masa kai a makarantarsu, sai dai saƙon rubutu yake turo mini, ko muryarsa ba na ji.

To, ke da kike koyar da 'ya'yan mutane karatu, ba kya karanta abin da hannunki ya rubuta? Sau huɗu na maimaita layin nan. "Ba ta son jira, da an ɗan jinkirta sai ta ɓata fuska." Wace ce ba ta son jira? Wace ce wannan mai fuskar da Yaya yake tsoron ta ɓaci? Mutumin ya faɗa miki da bakinsa, ke kina tsaye da faranti a hannu.

Ruwa ba ya tsami banza. Na san Yaya tun kafin ya yi gemu. Shekara talatin da ɗoriya uwarki tana yi masa girki, ko ruwan shayi bai taɓa ɗora mata ba, har ranar da ta kwanta ciwo ni na zo na riƙe kicin ɗin. Yau shi ne da yanka na'a-na'a? A ina ma ya san ana cin ɗoɗɗoya da ƙwai? Wannan ba haɗin da namiji ɗan shekara sittin da takwas zai ƙirƙiro da kansa ba ne. Koya masa aka yi.

Kar ki fahimce ni a baibai. In aure yake so, wa ya riƙe shi? Ni ce zan fara yi masa murna, ke ma kya samu ki sarara. Amma a shigo ta ƙofa, ba ta taga ba. Macen da za ta bar dattijo yana ratsa rana da kwano, tana zaune tana jira har tana ɓata fuska, ba mai tausayinsa ba ce. Yaya kuwa zuciyarsa kamar auduga take, kowa ya zo da hawaye sai ya wuce da shi.

Ki sa ido, amma kar ki nuna masa. Duba min ko ya sauya turare. Duba ko yana guge rigarsa kafin ya fita. In waya ta shigo, a gabanki yake amsawa ko tashi yake? Ki rubuto min duk abin da kika gani, kar ki tace min komai.

Goggonki

Talata

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin labarin tagwayen, Allah ya raya. Ni ma na ɗan yi mura amma ta sake ni.

Wallahi na yi dariya har na ƙware da na karanta takardarki. Fiyar yake nufi, Goggo! Ita ce ba ta son jira. In aka yanka ta aka bar ta sai ta yi baƙi, shi ya sa ake matsa mata lemun tsami. Kin san Baba da yi wa kaya magana kamar mutane, agogo ma cewa yake ya yi fushi.

Haka na gaya wa kaina. Amma tun da kika saka min abin a rai na kasa cire shi, kuma ga abin da na gani.

Turare bai sauya ba, riga ma yadda ya same ta yake zurawa. Sai dai waya. Saƙo yana shigowa wajen sha ɗaya da rabi kullum, ya karanta ya kifa ta. Jiya ya shiga wanka na ɗaga, na tarar ya sa mata lambobin sirri. Baba, wanda ni nake nemo masa sunan mutum in zai kira!

Sannan na tsinci wata takarda a bayan gwangwanin gishiri. An rubuta yadda ake haɗin daki-daki, kuma ba rubutunsa ba ne. Rubutu ne mai kyau, zagaye-zagaye, da jan biro. A ƙasa an ja layi biyu a ƙarƙashin "a murje sosai, kada a bar gudaji." Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Bayan ya murje da cokali, sai ya zuba a rariya ya riƙa dannawa har ya fito sumul, ya sassauta shi da ɗan madara. Ganyen ma yanzu dakawa yake. Kuma cokalin da yake sakawa a jakar shi ne ɗan ƙaramin nan na shayi mai guntun hannu.

Na gwada shi ta wata hanyar. Na ce, "Baba, yau ni zan haɗa maka, ka huta." Ya ce, "Ke hannunki da nauyi wajen gishiri." Na ce to in raka shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da Goggonki kun fara rubuce-rubuce, ko?" Na ce gaisuwa ce kawai. Ya ce, "To a gaishe ta," ya ɗau jakarsa.

Ya rame, Goggo. Abincin ranarsa ba ya ci sai ya dawo, shi ma tsakura yake.

Ɗiyarki,
Malama

Asabar

Malama,

Lafiya lau nake, sai dai tun da na karanta takardarki kaina ke sarawa. Na auna jinin, ban ji daɗin abin da na gani ba, amma bar wannan.

Ki bar ni da zancen fiya mai fuska. Ko da fiyar yake nufi, jan biron fa, fiya ce ta rubuta? Ni abin da ya tsaya min shi ne rariya da ƙaramin cokali. Shekarata ashirin da shida ina wannan aiki. Na san wanda ake tace wa abinci a sassauta da madara a ba shi da cokalin shayi. Babba mai haƙora ba ya buƙatar haka. Malama, akwai yaro a maganar nan. Ko dai na matar ne ta jingina masa, ko kuma abin da bakina ba zai iya faɗa a kan yayana ba.

In aure ya ɗaura a ɓoye har da rabo, to mu ne ya mayar bare, kuma sai ya gaya min laifin da muka yi masa. In kuma wata ce ta ga tsoho mai gida ba mata ta shimfiɗa masa tarko, gara mu sani tun kafin ya zurma.

Na so in turo Injiniya ya bi sawunsa, tunda makarantarsu ba ta fi tafiyar awa biyu daga wurinku ba. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba, sai ya rubuto wai yana ɗakin karatu, ba a magana. Yaran yanzu! Saboda haka ke za ki je. Ki bari ya sha kwana, ki bi shi daga nesa. Kar ki yi magana da kowa, kar ki shiga ko'ina. Ki ga ƙofar da ya shiga kawai, ki dawo ki rubuto min.

Goggonki

Laraba

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙonki ki riƙa shan maganinki a kan lokaci. Na bi shi. Ba mace ba ce, ba kuma abin kunya ba ne. Ki kwantar da hankalinki. Zan yi miki bayani in na samu natsuwa.

Malama

Juma'a

Malama,

Yau kwana goma sha shida da 'yar guntuwar takardarki. Sau biyu direba yana zuwa hannu rabbana. Na ce ko ba ki da lafiya, ya ce ya gan ki garau, har ma ya gan ki kina fitowa daga kasuwa da fiya a leda.

Da fiya a leda! Na aike ki kallon rami, kin faɗa ciki. Ke da kike cika min takarda gaba da baya har da labarin murarki, yau layi uku kika iya? "Ba mace ba ce." To mene ne? "Ba abin kunya ba ne." In ba abin kunya ba ne me ya hana a faɗa? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Na kira Yaya, ya yi ta tambayata ƙafa da ruwan sama har layin ya yanke. Na kira ki, kin ce kina cikin mota. Kowa na kira yana wani wuri da ba a magana. Ni ba yarinya ba ce, na san an haɗa baki a kaina, abin da ban sani ba shi ne me na yi muku.

Na nemi hutun kwana biyar an ba ni. Ranar Alhamis mai zuwa ina tafe. Zan zauna a kicin ɗin nan har a gama murje-murjen, in ɗauki jakar da hannuna, Yaya ya wuce gaba ina biye. In kina da abin faɗa, ki faɗa kafin nan.

Goggonki

Lahadi

Goggo,

Don Allah ki zauna kafin ki ci gaba, kuma in da wata abokiyar aiki kusa ki kira ta. Zan fara da abin da ya fi muhimmanci: yana raye, yana samun sauƙi, likita ya ce zai warke sarai. Injiniya ne.

Ranar da na bi Baba, tsohon shagonsa na gyaran agogo ya nufa, wanda ya rufe bara. Ya buɗe ƙofar baya. Kin ce kar in shiga, amma na kasa. Na tura ƙofa, sai ga ƙanina a kan katifa, ƙafar hagu cikin filasta har gwiwa, fuskarsa ta faɗa. Baba yana zaune a kan ɗan benci yana buɗe kwano. Da Injiniya ya gan ni ya so ya yi magana, sai sauti kawai ya fito ta tsakanin haƙora. Muƙamuƙinsa ne ya karye, an ɗaure shi da wayar ƙarfe da roba, bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin ɗan yatsa. Baba bai ko juyo ba, ya ce, "Tunda kin zo, rufe ƙofar, ki riƙe masa ruwan."

Babur ne, Goggo. Na san abin da kalmar nan take a wurinki, na san a kansa Kawu mijinki ya rasu ya bar ki da goyo, na kuma san Injiniya ya yi miki alkawari ba zai taɓa hawa ba. Ya ɗan jima yana aron na wani abokinsa yana kai wa mutane saƙo bayan darasi. Mako takwas ke nan, ya taho da wani saƙo, a hanyar shigowa garin nan mota ta goge shi. Lambar Baba aka samu a aljihunsa. Kwana goma ya yi a asibiti, lokacin da Baba yake ce min yana jinyar wani tsohon abokinsa. Jan biron na ma'aikaciyar da ke kula da abincin marasa lafiya ne. Ta rubuta masa abubuwa huɗu, wannan kaɗai cikin Injiniya ya karɓa. Safe da yamma tela maƙwabcin shagon ne ke leƙa shi da madara.

Na yi wa Baba faɗan da ban taɓa yi masa ba. Na ce me ya sa ba a kawo shi gida ba? Ya ce, "Don kina gidan. In dai Goggonki ce, bakinki ba shi da murfi." Na ce ai uwa ce, haƙƙinta ne ta sani. Sai Injiniya ya jawo littafin da yake rubuta magana a ciki, ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Jininta zai hau. A bari a kwance wayar in gaya mata da bakina." Ya riƙe min hannu bai saki ba sai da na ce to.

Shi ya sa na yi shiru. Kullum na ɗauki biro sai in ga ko dai in ci amanarsa ko in yi miki ƙarya, sai in ajiye. Jiya na karanta musu takardarki ta ƙarshe. Da na zo wurin da kika ce ba ki san abin da kika yi mana ba, Injiniya ya juya fuska bango. Sannan ya rubuta, "Gaya mata." Baba ya cire tabarau ya ce dama shi ya gaji, bai taɓa ɓoye miki komai ba tun kuna yara, abin yana hana shi cin abinci.

Mun dawo da shi gida yau da safe, yana ɗakin Umma. Saura kwana tara a kwance wayar. Makaranta sun yarda ya rubuta jarrabawar a zango mai zuwa. In laifi ne mu uku muka yi shi, amma ki tuna Baba bai fasa rana ɗaya ba, ko ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi.

Ki yafe mana.

Ɗiyarki,
Malama

Talata

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. An ce ka rame. Ka ci abinci.

Takardar Malama ta same ni ina shirin shiga ɗakin haihuwa. Na karanta layi uku na ninke ta na sa a aljihu, na shiga na karɓi 'yar mutane, na yanke cibiya, na wanke hannu. Sannan na shiga ɗakin ajiyar kaya na rufe, na ƙarasa karantawa. Abokiyar aikina ce ta zo ta same ni a ƙasa a zaune. Ba faɗuwa na yi ba, kar ku tsorata.

Na zarge ka da abubuwan da ba zan maimaita ba, na san kuma 'yarka ta karanta maka su, don ka fi ni sanin bakinta. Na ji kunya. Amma kai ma ka ji naka. Ɗana ya kwana goma a gadon asibiti ina nan ina duba 'ya'yan wasu. Da abin ya zo da ƙarar kwana fa, me za ka ce min? Kun auna jinina kun yanke min hukunci, kun manta wadda ta binne miji tana da shekara talatin da huɗu ba ta mutu ba. Wannan zai daɗe bai bar ni ba, gara ka sani.

Duk da haka, na gode. Ban san wani namiji da zai yi abin da ka yi ba. Allah ya saka maka, ya sa naka su yi maka fiye da haka.

Ina nan tafe jibi kamar yadda na ce, motar safe. A tanadar min takardun asibitin da hotunan ƙashin duka, ina so in gani da idona. A ajiye almakashi kusa da kansa don a yanke ɗaurin bakin ko da amai zai taso masa, in ba a riga an gaya muku ba. Kuma na sa an ƙara min hutun zuwa mako uku.

Shi kuma Injiniya ka gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Zan shigo, in duba ƙafar, in duba bakin, in zauna kusa da shi. Ba zan ce masa komai a kan babur ba, ko kalma ɗaya. Ni ba na faɗa da wanda ba ya iya ba ni amsa. Ya sha madararsa ya yi ƙarfi, yana da sauran kwana bakwai.

Ƙanwarka